Sharhi: Kukan mutuwar Ming, an bar jaki ana dukan taiki

Masu sauraro, assalamu alaikum.

Labarin nan ya sake dawowa. Duk bayan ɗan lokaci sai wani ya tono shi ya watsa a shafukan sada zumunta, kanunsa kuma ba ya canzawa: wai masana kimiyya sun kashe dabbar da ta fi kowace tsufa a duniya don kawai su san shekarunta. Nan da nan sai tsinuwa ta ɓarke, ana cewa mutanen nan ba su da imani. Ni kam abin ya ishe ni, domin an bar jaki ana dukan taiki.

Ga yadda aka yi. A shekarar 2006 masu bincike daga Jami'ar Bangor ta Birtaniya suka shiga jirgin ruwa a gaɓar arewacin Ayislan, suka ɗebo ƙumbar teku kusan 200 daga zurfin kimanin mita 80. Halitta ce mai ɓawo biyu da nama a tsakani, dangin ƙumbar da ake tsinta a bakin kogi, sai dai ita mazauninta ruwan gishiri mai sanyi na arewacin Tekun Atlantika, masana kuma suna kiran ta Arctica islandica. Aka daskarar da su duka a cikin jirgin, kamar yadda aka saba a irin wannan aiki. Sai da aka koma ɗakin bincike aka yanka ɓawon ɗaya daga ciki aka ƙirga layukansa, sannan ido ya raina fata. Da farko an ce shekarunta 405, saboda an ƙirga ne a gindin ɓawon, inda layukan suka cunkushe. A 2013 aka sake ƙirgawa a faffaɗan gefen, aka samu 507. 'Yan jarida suka raɗa mata suna Ming, don daular Ming ce ke mulkin Sin lokacin da ta zo duniya.

Ku yi lissafin da kanku, 1499 ke nan, shekarar da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya rasu. Ranar da Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, wannan baiwar Allah ta riga ta haura shekara 300 tana kwance cikin yashi. Duk da haka faɗinta bai kai santimita 9 ba, tafin hannun yaro ma zai ɗauke ta.

To masu cewa da gangan aka kashe ta, su gaya mana ta yaya za a gane ta. Irin wannan ƙumba a farkon rayuwarta take girma, daga baya girman ya kusa tsayawa. Mai shekara 100 da mai shekara 400 idan aka jera maka su, baƙin ɓawo ɗaya, girma kusan ɗaya. Babu furfura, babu sanda. Shekarun a cikin ɓawon suke a rubuce, sai an yanka an sa a madubin ƙara girma. Wannan zargi dai bai da tushe, mu wuce.

Abin da ya kamata mu tsaya a kai shi ne yadda take rayuwa, domin nan ne za a gane inda ainihin ɓarnar take. Tana binne kanta ne a saman yashi ko taɓon ƙasan teku, ta bar wasu gajerun bututu biyu a waje. Da ɗaya take jawo ruwa, ta tace ƙananan tsirran da ido ba ya gani ta ci, ta shaƙi iskar da ke cikinsa, da ɗayan kuma ta fitar da shi. Wani lokaci sai ta ƙara nutsewa ƙasa, ta rufe ɓawonta ruf, ta daina numfashi, bugun zuciyarta ya yi ƙasa sosai, ta yi kwanaki a haka, har kusan mako guda, sannan ta taso kamar ba a yi komai ba. Ba ta gudu. Komai nata a hankali yake, har haihuwa sai ta ɗauki shekaru kafin ta fara, wasu ma sai sun wuce shekara 10.

Kowace shekara kuma tana ƙara layi ɗaya a ɓawonta. Shekarar wadata layin ya yi faɗi, shekarar yunwa ya tsuke. Tunda duk na yanki ɗaya ruwa ɗaya suke sha, jerin layukansu kan yi daidai da juna, sai masana suka riƙa haɗa ɓawon masu rai da na waɗanda suka daɗe da mutuwa, suna komawa baya. Da haka suka gina tarihin yanayin tekun arewacin Ayislan na shekara 1,357, tun kafin ɗan Adam ya ƙera na'urar auna zafi. Irin aikin da aka je yi ke nan har aka ɗebo Ming.

Yanzu ga jakin. Wannan ƙumba abinci ce, kasuwancinta ake yi. A gaɓar gabashin Amurka manyan jiragen ruwa ne ke jan wani ƙaton keji na ƙarfe a ƙasan teku, gabansa bututu na fesa ruwa da ƙarfi yana tumɓuke yashi, kejin na kwashe abin da ya fito. Dubban tan na namanta ake saukewa duk shekara, a markaɗa, a zuba a gwangwani, a yi miya. A cikinsu akwai masu shekara 100 da ɗoriya bila adadin, kuma babu mai ƙirga layin kowa. Mai yiwuwa wanda ya fi kowa zagin masanan Bangor ya sha miyar tsohuwar da ta girmi kakan kakansa, ya lashe cokali. Wa ya yi mata kuka?

A Tekun Arewa na Turai ma abin ya fi ciwo, don can ba ita ake nema ba. Jiragen kamun kifi ne ke jan raga mai sarƙoƙin ƙarfe, tana bin ƙasan teku kamar garma a gona, tana farfasa ɓawon duk abin da ke kwance. Halittar da dabararta ita ce ta lafe a wuri ɗaya, ina za ta? Ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar OSPAR ta kare arewa maso gabashin Atlantika da kansu suka sa ta cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana ko suke raguwa a wannan teku. Ba ɗakin bincike ne ya kai ta can ba.

Za a ce mini hukumomin Amurka sun bayyana cewa kamun bai wuce kima ba, kuma tun 1990 aka ƙayyade wa kowane mai jirgi kasonsa. Na ji, kuma ban ƙaryata ba, mai yiwuwa ma lissafinsu daidai ne. Amma da ma'aunin tan suke awo. Tan ba ya gaya maka shekarun da aka kwashe. Idan keji ya share fili ɗaya a cikin awa guda, ƙanana za su iya sake sauka a wurin, to amma mai shekara 200 sai an jira shekara 200. Wace hukuma ce ke tsara aikinta a kan shekara 200? Wane mai jirgi ne zai jira?

Shi ya sa nake cewa an bar jaki. Guda ɗaya da aka buɗe aka karanta ta samu suna, ta samu makoki, ta samu masu tsine wa wanda ya taɓa ta. Sauran da ake markaɗawa kullum ba su da suna, don haka ba su da mai kuka. Wanda da gaske Ming ta ba shi tausayi, ya ƙyale masanan Bangor su yi aikinsu, ya tambayi gwamnatocin da ke ba jiragen nan lasisi: filaye nawa ne a ƙasan teku suka hana a ja keji da sarƙa a kansu, kuma wa ke gadin su?