4.7 GHz ɗin da ke jikin kwali, daƙiƙa nawa yake yi?

Jama'a, assalamu alaikum. Kwana biyun nan ana ta yawo da hoton laftof guda biyu, kuma tambayar ɗaya ce. Duk biyun i7 ne, duk biyun an rubuta musu gudun 4.7 GHz, to me ya sa ɗaya ke gama haɗa bidiyo ta huta, ɗayar kuwa tana can tana nishi? Wasu sun ce jabu ce, wasu sun ce an cuci mai ita. Ba jabu ba ce, lambar ma ba ƙarya aka rubuta ba. Abin da ba a faɗa ba shi ne tsawon lokacin da furosesar, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, za ta iya zama a kan lambar nan.

[A allo: sunaye uku a jere]

Ku dubi waɗannan. Core i7-1165G7, ta 2020. Core i7-1255U, ta 2022. Core i7-12700H, ita ma ta 2022. Dukkansu na Intel, dukkansu ƙololuwar gudunsu 4.7 GHz. In lambar nan ce alƙali, ai sai a ce 'yan uku ne. Amma a aiki mai nauyi, ta ƙarshen nan ko ƙurarta sauran ba sa gani.

Mu karanta sunan a gurguje, don ba nan gizo ke saƙar ba. i7 aji ne kawai a cikin zamaninsa. Lambobin farko bayan ɗan layin nan su ne zango: 11, 12, 13. Shi ya sa i7-7500U ta 2016, mai ƙwayoyin aiki (sassan furosesa da ke raba aiki a tsakaninsu) 2 kacal, ba ta kama ƙafar i5-1235U mai ƙwayoyi 10 ba. Kuma wannan tsohuwar ba ta cikin jerin da Windows 11 ta yarda da su, domin galibi daga zango na 8 aka fara. Wanda aka ce masa "ai i7 ce" ya miƙa kuɗi bai tambayi zango ba, Allah ya ba shi haƙuri.

Harafin ƙarshe kuma, shi za mu riƙe. U ko H: U mai ƙarancin cin wuta, H mai ƙarfi.

[Takardar bayanai, an zagaye layi biyu]

A takardar da Intel ke fitarwa akwai layi biyu da kusan kowa ke tsallakewa, kuma ba GHz ke jikinsu ba, wat ne, ma'aunin cin wuta. Na 1255U: wat 15 a zaune, wat 55 in ta zabura. Na 12700H: wat 45 a zaune, wat 115 in ta zabura. Ku lura, abin da H ke ci tana tafiyarta ta yau da kullum ya kusa kai abin da U ke ci a lokacin da ta ƙure ƙarfinta.

Duk wat ɗin da ya shiga furosesa zafi yake komawa, babu wanda ke ɓacewa a hanya. Wat 55 na shiga, zafin wat 55 na fita, daga wani ɗan fili da bai fi tambarin wasiƙa ba. Dole wani abu ya kwashe shi. Ga bututun jan ƙarfen nan, ga fanka, ga ƙofar iska. Iyakar abin da waɗannan ukun za su iya fitarwa, shi ne iyakar gudun kwamfutar, ko me aka rubuta a kwali.

Yanzu ku natsu, nan ne wurin da ake ruɗewa.

Furosesar tana da iyaka biyu. Akwai ta gajeren lokaci, wadda za ku gani an rubuta PL2. Akwai ta dogon lokaci, PL1. Da kun ɗora mata aiki mai nauyi, sai ta haye PL2, gudu ya tashi sama. Amma akwai agogo da ke ƙirga mata. A laftof da yawa wajen daƙiƙa 28 ne, wasu sun fi haka, wasu ba su kai ba. Abin da na'urar ke bi shi ne matsakaicin wutar da aka ci a 'yan daƙiƙun baya. Da matsakaicin nan ya taɓa PL1, sai a janyo ta ƙasa, kuma a nan za ta zauna har aikin ya ƙare. Sukuwa ce da tafiya. Doki na iya sukuwa, amma ba da sukuwa ake cin doguwar hanya ba.

To wa ke saita waɗannan iyakoki? Ba Intel ba. Intel shawara take bayarwa da iyakar sama da ta ƙasa, kamfanin da ya ƙera laftof ɗin ne ke zaɓar lambar, gwargwadon siririntar jikin da girman fankar da ya sa. Saboda haka furosesa ɗaya, suna ɗaya, harafi ɗaya, za ta iya zama abu biyu daban a laftof biyu.

Misali mafi sauƙi ita ce 1165G7 ɗin nan. An yarda a saita ta daga wat 12 zuwa wat 28. A wat 28, gudun da aka lamunce mata 2.8 GHz ne. A wat 12, 1.2 GHz. Bai kai rabi ba. Kuma a jikin kwalin duka biyun, abin da za ku gani shi ne "har zuwa 4.7". Wannan "har zuwa" ɗin, a ganina, ta fi kowace kalma a kasuwar kwamfuta cin kuɗin mutane.

Akwai ƙari. 4.7 ɗin ba na dukkan ƙwayoyin ba ne. Ƙwaya ɗaya ko biyu ne ke kaiwa can, lokacin da sauran ke hutu. Daga zango na 12 ma ƙwayoyin iri biyu ne, manya da ƙanana. 1255U na da manya 2, ƙanana 8. 12700H na da manya 6, ƙanana 8. Ƙananan nan a duka biyun ba sa wuce 3.5 GHz. In aka tashi dukkansu aiki lokaci guda, wat ɗin nan ɗaya za su raba. Ku raba wat 15 wa ƙwayoyi 10, ku ga abin da kowace za ta samu.

[Zane: layi mai lanƙwasa zuwa sama]

Me ya sa gudun saman ke da tsada haka? Domin kafin a ƙara gudu sai an ƙara ƙarfin lantarkin da ake ba ta, shi kuwa cin wuta yana bin ƙarfin lantarkin ne sau kansa. Ga lissafi a allo. A ce an ƙara gudu da kashi 20 cikin 100, an ƙara ƙarfin lantarki da kashi 20. Sai mu ce 1.2 sau 1.2 sau 1.2. Ya ba mu kusan 1.73. Wato don ƙarin gudu na kashi 20, an ƙara cin wuta da zafi fiye da kashi 70. Shi ya sa ƙwayoyi da yawa masu tafiya a matsakaicin gudu suka fi ƙwayoyi kaɗan da ake ta zaburarwa, in aikin mai rabuwa ne.

Bari mu gwada, kowa zai iya a gida. Manhaja biyu, duk kyauta: HWiNFO da Cinebench R23. A jona caja. A shiga saitin wuta na Windows a zaɓi mafi ƙarfin aiki. A ɗora laftof ɗin kan tebur, ba kan katifa ba, don Allah. A buɗe HWiNFO a ɓangaren ma'aunai, a nemo layi uku: CPU Package Power, zafin furosesa, da gudun ƙwayoyi. Sai a kunna gwajin dukkan ƙwayoyi na minti 10 a Cinebench.

[Allon gwaji, agogo na tafiya]

Ku bar kallon maki, ku kalli wat.

Ga shi ya yi sama. Fanka ba ta ma farka ba tukuna. Zafi na hawa... yana hawa... fanka ta taso... to, ga faɗuwar. Kun ga yadda layin ya sauko ya miƙe? Wannan miƙaƙƙen layin shi ne kwamfutar da kuka saya. Tsaunin da ke farkonsa shi ne wadda aka tallata muku.

Faɗuwar nan iri biyu ce, kuma rashin bambance su na sa mutane ɓarnar kuɗi. In gudu ya sauka alhali zafi na wajen digiri 70 ko 80, kuma layin Power Limit Exceeded ya nuna eh, to iyakar wuta ce. Haka aka ƙera ta. Ko kun canza man da ke tsakanin furosesa da bututu, ko kun sayo faifan fanka na ƙasa, PL1 na nan inda yake. Abin da zai iya ɗaga shi shi ne manhajar kamfanin laftof ɗin, in tana da zaɓin ƙarin ƙarfi. In kuwa zafi ya manne a 98, 99, 100, kuma layin Thermal Throttling ne ya kunna, to zafi ne ya kama ta. Digiri 100 shi ne iyakar waɗannan furosesoshin, daga nan da kansu suke rage gudu don kada su lalace. Wannan kam yana da magani. A buɗe bayan, a cire wayar batir daga jikin allon da ke ɗauke da furosesar kafin a taɓa komai, a riƙe fankar da yatsa a hure ƙurar da ta toshe haƙoran ƙofar iska. In laftof ɗin ta kwana biyu, a goge busasshen man nan a sa sabo, ɗan kaɗan, a ɗaure sukurori bisa lambobin da ke jikinsu, 1, 2, 3, 4, don matsin ya daidaita. Taɓa 100 na ɗan lokaci a farkon gwaji ba abin tayar da hankali ba ne, siraran laftof da yawa haka suke. Zama a can da gudu na ta zubewa, shi ne matsala.

Ba Intel kaɗai ba ce. A 2020 Apple ta sa furosesarta M1 a MacBook Air, wadda ba ta da fanka ko ɗaya, ta kuma sa ta a MacBook Pro mai inci 13, mai fanka. A gajeren aiki ba ka bambance su. A dogon aiki, mai fankar ke riƙe gudunta. AMD kuma nata salon a suna yake: a jerin Ryzen 7000 na laftof, lamba ta uku ce ke faɗin ƙirar. 7520U tsohuwar ƙirar Zen 2 ce mai ƙwayoyi 4, 7540U kuwa Zen 4 ce mai ƙwayoyi 6. Lamba ɗaya ta raba su, amma tsakanin ƙirarsu akwai shekaru. Intel ma tun ƙarshen 2023 ta fara cire "i" ɗin, aka koma Core Ultra 5 da Ultra 7, sai dai U da H suna nan, wat ma yana nan.

Kada kuma wani ya ji wannan ya raina U. In aikinka rubutu ne, da intanet, da Excel, da taron bidiyo, duk gajerun zabura ne: buɗe shafi, daƙiƙa biyu, an gama, furosesa ta koma hutu. Ba za ka taɓa cinye daƙiƙa 28 ɗin nan ba. A nan U ta fi, batir ya daɗe, jaka ba nauyi, fanka shiru. Ni da a ba ni H a siririn jikin da ba zai iya sanyaya ta ba, gara U a jikin da ya ishe ta. Mai haɗa bidiyo, mai zanen gini, mai wasanni masu nauyi, su ne masu zama a kan miƙaƙƙen layin nan na minti goma, ashirin, awa guda. Su ya kamata su nemi H, kuma kafin su biya su nemi gwajin wannan laftof ɗin takamaimai, ba na furosesar kawai ba, su ga wat nawa take riƙewa bayan minti 10.

Sai caja. In kun cire ta, yawancin laftof na rage iyakokin nan biyu da kansu, don haka gwaji a kan batir ba ya nuna ƙarfinta. In kuma laftof mai neman wat 65 aka jona mata ta wat 45, ko wata caja da ba ta gane ba, wasu sukan maƙale a ƙasa da 1 GHz, zafi bai kai ko'ina ba, mai ita na ta zargin ƙwayar cuta. Ku danna Ctrl, Shift da Esc, ku shiga ɓangaren Performance, ku dubi gudun. In yana tsaye a 0.4 ko 0.8 ba ya motsi ko kun buɗe aiki, ku juya cajar ku karanta wat ɗin da ke bayanta, ku gwada shi da wanda aka rubuta a ƙarƙashin laftof ɗin.