Mun zo Dakar da na'ura, mun tarar da ciwon maƙogwaro

Salamu alaikum mutanen Maradi, na unguwar Zariya, na Bagalam, na Mokoyo, har da ku na Tibiri masu cewa kullum ina mantawa da ku. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, bakin teku nake tsaye. Ruwan nan da kuke gani bayana na Dakar ne, yau kwananmu tara a Senegal.

Ga waɗanda suka shigo yau: a Maroko nake karatun na'urorin asibiti. Mu biyar makaranta ta turo mu zagaya asibitoci, mu tambayi masu aikin zuciya abin da suka fi buƙata. Kuma gaskiya da ɗagawa muka taho. Wata takwas muka yi muna haɗa wata ƴar na'ura mai ɗaukar bugun zuciya ta aika a salula. Tun cikin jirgi muke ganin da mun ajiye ta bisa tebur, likitoci za su miƙe su yi mana tafi.

Mun fara da asibitin Fann, dab da Jami'ar Cheikh Anta Diop. A ciki akwai cibiyar Cuomo, inda ake buɗe ƙirjin yara a gyara zuciya, aikin da ƙungiyar La Chaîne de l'Espoir ta sa hannu a ciki. Ban ɗauki hoto a can ba, ɗan wani ba abin nuni ba ne. Sai dai in ba ku labari.

A wani asibitin, wata majo, wato ma'aikaciyar jinya, dattijuwa sa'ar innata, ta karɓi na'urarmu ta jujjuya, ta ce ta yi kyau. Sai ta ce, "Ɗana, in ta mutu, wa zai gyara?" Ta ja mu wani ɗaki ta kunna fitila. Na'urori ne na kyauta jibge, wasu ko leda ba a gama cirewa ba. Wannan waya ɗaya ta rasa, waccan batirinta babu irinsa a ƙasar. Abokina Bamaroke da ya fi kowa surutu, ranar har muka kwanta bai ce uffan ba.

Amma abin da ya hana ni barci daban ne. Yawancin matasan da muka gani suna jiran a yi musu aikin zuciya, lafiya lau aka haife su. Ciwon maƙogwaro ne mafarin abin. Wata ƙwayar cuta ce, sitireptokok, take kama yaro, galibi ɗan shekara 5 zuwa 15. In ba a ba shi magani ba, bayan sati biyu ko uku sai zazzaɓi, gwiwa ta kumbura yau, gobe ciwon ya koma idon sawu. Jiki ne ya tashi yaƙar cutar, ya haɗa da ƙyauren da ke cikin zuciya, wanda ke buɗewa jini ya wuce ya rufe kar ya dawo. Duk dawowar ciwon sai ƙyauren ya ƙara lalacewa. Shekara goma bayan haka, budurwa ta ɗauko tulu daga famfo ta kasa kai shi gida don haki. Cutar nan tana kashe sama da mutum 300,000 a duniya kowace shekara, shi ya sa a 2018 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya yanke shawara a kanta.

Likitan yana bayani da Faransanci, ni kuwa hankalina ya tafi zauren gidanmu. Ina ɗan shekara bakwai maƙogwaro ya dame ni, aka kira wanzami ya duba ko belu ne ya sake fitowa, aka ba ni jiƙo da zuma. Ba na ganin laifin kowa, abin da aka sani ke nan. Allah ne ya tsare. To amma maganin abin penisilin ne, tsohon magani mai arha. Wanda ciwon ya riga ya taɓa kuma, allura ce duk sati uku ko huɗu, shekara da shekaru, babu fashi. Allurar da zafi, ruwanta kauri gare shi, yara gudu suke yi.

Yanzu a ce an yi aikin, an sa ƙyauren ƙarfe. In ka matsa kusa da mutum za ka ji shi, ƙyas-ƙyas kamar agogo. Daga ranar har ƙarshen rayuwa sai maganin tsinka jini, da awon saurin daskarewar jini, wanda ake kira INR, a kai a kai. In maganin ya yi kaɗan, jini ya daskare a kan ƙarfen, shanyewar jiki. In ya yi yawa, jini ya ɓalle. Har abinci yana taɓa lissafin: ganye irin zogale yana rage ƙarfin maganin, ba a hana ci ba, amma kar yau a cika kwano gobe a daina. Ku faɗa wa mutumin Jiratawa ya auna zogalensa mu gani! Ga mace kuma maganin yana iya cutar da ɗan ciki, a garin da ango bai cika shekara ba dangi sun fara ƙirga wata. Ƙyauren da aka yi da tantanin zuciyar saniya ba ya neman wannan wahala, sai dai a jikin matashi saurin tsufa gare shi, a sake tsaga ƙirji.

Na zauna na lissafa da yarinyar ƙauye a bayan Dakoro. Kuɗin mota zuwa Maradi, kuɗin awo, kwana gidan dangi, kowane wata. In kuma aka ce sai Yamai, sama da kilomita 600 ke nan. Na'urarmu ba ta rage mata ko dala ɗaya a cikin wannan.

Akwai kuma kumburin da ke kama masu jego, zuciya ta saki bayan haihuwa. Da na ce ni Bahaushe ne, wani likita ya ɗago kai, don littattafansu cike suke da mu: tun shekarun 1970 aka yi rubutu a Zariya ta Najeriya kan wankan jego da kunun kanwa, daga baya masu bincike a Yamai da Kano suka waiwayi ƙarancin sinadarin seleniyom da rashin abinci. Wannan sai na ware masa bidiyo guda, don na san Inna za ta kira ni a kan maganar kanwa.

Jiya da dare, muna shan ataya, muka yi gardama har ƙarfe ɗaya. Biyu sun ce a ci gaba da na'urar, tunda ita malamai suka sani. Mu uku muka ce a koma kan awon INR da ɗigon jinin yatsa, wanda za a iya yi a ƙaramin asibitin ƙauye, da saƙon murya cikin Hausa mai tuna wa uwa ranar allura. Ba mu gama ba tukuna.

Ku masu aiki a asibitocin Mayahi, Tasawa da Gidan Runji, ku aiko mini da saƙo: penisilin ɗin allura yana samuwa kullum, kuma nawa ne? Ranar Litinin za mu miƙa rahoton farko. Ga motarmu can tana ta oda, saura asibiti biyu, kuma ban karya ba.