Jawabin maraba ga mai girma ministan kiwo a Maraɗi

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe mai girma minista, mai girma gwamna, iyayenmu sarakuna, malaman dabbobi da jami'an tsabta, barkanku da zuwa Maraɗi, sannunku da hanya, mun san tahiyar Yamai ba wasa ba ce.

Ranka ya daɗe mu masu sana'ar nono doka ba ta ba mu tsoro, mu ma 'ya'yanmu wannan hurar suke sha. Dokar tsabta tana nan, ta kiwo ta 2004 tana nan, damuwarmu wa ake kamawa. Kullum ƙwaryar Bahillata ake leƙawa a bakin kasuwa, in an ga ƙuda a kihe mata nono ta koma ruga hannu wofi, shi kuwa mai buhun madarar gari yana awo da gwangwani ba takarda ba ranar lalacewa, ba mai ce mashi kanzil. Wata madarar ma an cire man shanunta an zuba man ja, uwa ta saya ta dama ma jariri.

Kuma abin da ke kisa ba a ganin shi da ido. A yi ma saniya allura yau gobe a tatsa, maganin na cikin nonon. A ba ta tunkuzar da ta yi hunhuna, mu da muke ƙasar gyaɗa mun san ta sarai, gubar ta bi nono ta je ta taɓa hanta. Nonon da ba a tafasa ba yana ɗauko tarin huka daga saniya. A ƙasar Sin a 2008 madarar jarirai aka zuba ma melamin, wani sinadarin yin roba, yara kusan 300,000 suka kamu, 6 suka rasu, kuma hukunci bai tsaya kan ƙananan mutane ba, har shugabar kamfanin madara na Sanlu aka yi ma ɗaurin rai da rai.

To roƙonmu kenan ranka ya daɗe, jami'i ya zo da abin awo a hannu ba hanci ba, a koya ma matan ruga tafasa nono da wanke ƙwarya kahin a ci su tara, tarar kuma a ba da rasit. Motocin madara a duba su tun daga Ɗan Issa, bakin iyaka da Najeriya, kahin su sauke cikin gari. Allah ya sa a tashi lahiya, bismillah ranka ya daɗe, muna saurare.