Wasiƙun 'Yan Bama Na Cikin Adakar Kakanninmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamaina, ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa.

Wanda ya san Kaduna ya san barikin Dalet da na Kalapanzin. Na Zariya ya san barikin Chindit, na Ikko kuma ya san Arakan da Myohaung da Dodan. Sunayen nan duka daga yaƙin Bama (ƙasar Myanmar ta yau) aka ɗauko su, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka gwabza da Japan. An kafa rundunonin a 1943, aka kwashi samari daga Nijeriya da Gana ta yau da Saliyo da Gambiya, aka tsallaka teku da su zuwa Indiya, daga nan sai dazuzzukan Kaladan da Arakan. 'Yan Arewa na da yawa a ciki, har ma Hausa ce yaren bariki. Sunayen wuraren da suka yi yaƙi muna ganinsu a allon ƙofar bariki kullum. Abin da su da kansu suka faɗa fa, yana ina?

Yana cikin wasiƙunsu. Wasu ƙasashen sun daɗe da gane haka. Ingila ta kafa gidan tarihin yaƙi nata tun 1917, Yaƙin Duniya na Ɗaya ma bai ƙare ba. A Amurka, Andrew Carroll ya fara roƙon jama'a su aiko masa da wasiƙun sojojinsu a 1998, yanzu tarin yana Jami'ar Chapman a Kalifoniya. Labarin sojojin Indiya na Yaƙin Duniya na Ɗaya ya fi taɓa ni: yawancin wasiƙunsu na asali sun salwanta, abin da ya tsira shi ne wanda masu tace wasiƙu suka kwafa suka fassara cikin rahotanninsu. Wato ta hannun mai sa musu ido muke jin muryarsu yau. Ba na so namu ya ƙare haka.

Ku duba yadda irin takardar nan take. A jikin ambulan akwai hatimin mai tacewa, domin hafsa yana karanta ta kafin ta tafi. An hana soja faɗin inda yake, in ya kuskure a goge layin ko a yanke shi. Ciki kuwa za ka tarar da salon da muka gada: takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga wane, gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci. Sai a jero sunaye, a gai da inna, a gai da liman, a gai da mai unguwa. Mai gaggawa zai ce gaisuwa ce kawai, ya wuce. Ni kuwa a nan nake tsayawa, domin jerin nan shi ke nuna maka su wa ke cikin gidan a 1944, wa ake girmamawa, wa aka bar wa amanar mata da gona.

Kada kuma mu manta, da yawansu ba su yi boko ba. Wani da ajami ya rubuta, wani abokinsa ya riƙe masa alƙalami. A gida ma sai an nemo malami ko akawu ya karanta a zaure. Saboda haka in ka ga soja bai ambaci tsoro ko kewar matarsa ba, ka tuna mutum nawa za su ji kafin ita.

Akwai 'yan kasuwar kayan tarihi da kan sarki da hatimi kaɗai suka dame su, su sayi ambulan su raba shi da takardarsa. Wannan ɓarna ce, ina faɗa da babbar murya. Ambulan shi ke ɗauke da lambar soja da kwanan wata, in aka raba su an bar magana babu mai ita.

To, ɗalibai, ga aikin da nake roƙonku. In kun je hutu, ku nemi izinin manya a buɗe adaka da tsohuwar jakar fata, wurin da ake ajiye lambar yabo da takardar sallama. In kun samu, ku wanke hannu ya bushe, ku warware ta a hankali. Kada ku liƙe ta da salatif, kada ku kai a manne ta cikin leda da zafi. Ku ɗauki hoton gaba da baya da ambulan da wayarku. Sannan ku zauna gaban tsohuwar gidan, ku karanta mata sunayen nan ɗaya bayan ɗaya, ku rubuta abin da ta ce. An gama yaƙin tun 1945, waɗanda suka san mutanen suna ta ƙarewa, gara da danshin damina kuma ba sa jira.

Takardar ta iyali ce, a bar musu abinsu. In sun yarda, a kai kwafi Gidan Arewa ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Wanda ke da tambaya, bismilla.