Injin Juya Kyamara: A Yi Lissafi Kafin a Kunna

Zainab: Saƙonni sun yi yawa makon nan a kan injin nan mai juya kyamara. Kukan kowa ɗaya ne, taimlafs, wato bidiyon da ake haɗawa da hotunan da aka ɗauka ɗaya bayan ɗaya, yana fitowa da fizge-fizge.

Bashir: Rashin lissafi ne, Zainab. Kina son bidiyon sakan 10 a kan firam 24, wato hoto 24 a kowane sakan, hoto 240 ke nan. In tazarar ɗauka sakan 5 ce, aikin minti 20 ne. Ki raba digiri 60 ga hoto 240, kowane hoto ya samu kwatan digiri. Wannan zai tafi sumul. Amma mutum ya sa digiri 180 a wannan adadin, dole ido ya ga tsalle.

Sani: Yaya Bashir, wasu fa sun yi lissafin, hoton ne ke fitowa dishi-dishi.

Bashir: Sun bar injin yana tafiya ba tsayawa. Da rana, da shata (ƙofar da ke buɗewa haske ya shiga kyamara) mai sauri, ba laifi. Da dare kuwa, in shata za ta buɗe sakan 20, sai a sa shi a tsarin juya, tsaya, ɗauka. A ba shi sakan ɗaya girgiza ta lafa kafin ya danna. Kuma don Allah gindin injin ake daidaitawa da ma'aunin kumfa. In abin riƙe kyamarar da ke samansa kawai ka miƙar, farko zai yi daidai, yana juyawa sararin ya karkace.

Zainab: Tunda ka ambaci dare, taurari fa?

Bashir: Sama tana juyawa digiri 15 a awa. In ka bi su zuwa yamma da wannan saurin, kusan tsayawa suke yi, ƙasa ce ke gudu.

Sani: In ka juya gabas?

Bashir: Saurinsu ya ƙaru, kamar ana kora su. Ni na fi son wannan, musamman in akwai bishiya a gaba.

Zainab: Lokaci fa, Malam. Saitin kyamara?

Bashir: Komai da hannu: fokas, shata, ISO (ƙarfin jin haske), daidaiton fari (saitin launi). A kashe mai hana girgiza na lens. Wayar da ke haɗa injin da kyamara kuma a sassauta mata, in ta naɗe ƙafar kyamara za ta ja injin. Maganar batir sai mako mai zuwa.