Idan ƙololuwar shan haske ta koma hagu: lacca ga ɗaliban kimiyyar sinadarai a Gusau

An rubuto wannan daga muryar da aka naɗa a wata lacca da aka yi wa ɗaliban ajin ƙarshe da ma'aikatan ɗakin gwaji a Gusau. An cire gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum. Malamai, ma'aikatan ɗakin gwaji, ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya taɓa aiki da na'urar awon shan haske, wato sifektirofotomita, ya san zanen da take fitarwa. Tsawon zangon haske yana kwance a ƙasa, ana ƙirga shi da nanomita, ƙananan lambobi a hagu, manya a dama. Inda sinadarin ya fi shan haske sai layin ya yi ƙololuwa. Maganarmu ta yau ita ce lokacin da wannan ƙololuwa ta bar wurinta ta koma hagu, wajen gajeren zango. A littattafanku ana kiran wannan gocewar hifsokiromik. Abin da nake so ku fita da shi shi ne, gocewar ba dalili ɗaya gare ta ba, kuma ba a yi mata fassara sai an tabbatar daga sinadarin ta fito, ba daga na'ura ba.

Mu fara da lissafi, gajere ne. Gajeren zango yana nufin kuzari mai yawa. Ka raba 119,600 da tsawon zangon a nanomita, ka samu kuzarin a kilojul kan kowane mol. Saboda haka duk sanda ƙololuwa ta koma hagu, tazarar da ke tsakanin matakin ƙasa, inda ilektiron yake zaune, da matakin sama, inda haske zai ɗaga shi, ta ƙaru. Ko dai matakin ƙasa ne ya ƙara sauka, ko kuma na sama ne ya ƙara hawa. Idan rijiya ta ƙara zurfi dole a ƙara igiyar guga, haka ma idan an ɗaga bakinta da gini. Aikinka shi ne ka gane wanne ya faru.

Dalili na farko shi ne ruwan narkarwa, wato ruwan da aka narkar da sinadarin a ciki. Mu ɗauki asiton. A cikin hekzen yana da wata 'yar ƙololuwa mai rauni a nanomita 279. A cikin metanol tana komawa wajen 270, a cikin ruwa kuma wajen 265. Oksijin na asiton yana da ilektiron waɗanda ba su shiga ɗauri ba, su ne haske yake ɗagawa a wannan ƙololuwa, abin da muke rubutawa n→π*. Hekzen bai kula su. Ruwa kuwa yana kama su da ɗaurin haidirojin, ya kwantar da su, sai matakin ƙasa ya sauka. Ɗagawar tana faruwa cikin sauri ƙwarai, ruwan da ke kewaye bai samun damar sake tsari, kuma a matakin sama oksijin ya rasa ɗaya daga cikin ilektiron ɗin da ruwan ya riƙa, don haka riƙon ya yi rauni. Ku yi lissafin: 279 ya ba da kusan 429, 265 ya ba da kusan 451. Bambancin wajen kilojul 22 zuwa 23 ne, kuma wannan shi ne kwatankwacin ƙarfin ɗaurin haidirojin. Wato da kwalba biyu da na'urar da ke kan teburinku kun kimanta ƙarfin ɗaurin da ba a gani da ido. Ina ganin bai kamata ɗalibi ya gama digiri bai yi wannan gwaji da hannunsa ba.

Ga yadda ake yi. A ɗebi mililita 0.1 na asiton a zuba a kwalbar awo mai mililita 25, a cika da ruwan narkarwa har layi. Wannan ya ba da kusan mola 0.054. Kada yawan ya ba ku mamaki, ƙololuwar n→π* rarrauna ce, ƙarfin shanta wajen 15 ne kawai, saboda haka da kubet, wato 'yar kwalbar da ake zuba samfur a sa a na'ura, mai santimita 1 za ku samu awo tsakanin 0.8 da 1. Kubet ɗin dole ya zama na kuwaz, domin gilashi yana shanye hasken da ke ƙasa da wajen 320, ba abin da za ka gani. A yi bilank, wato awon da ake saita na'ura a sifili da shi, da irin ruwan narkarwar da aka yi amfani da shi, daga kwalba ɗaya. A duba daga 350 zuwa 220, a hankali. Kuma a rufe kubet ɗin. Hekzen yana tafasa a digiri 69, asiton a 56, a zafin watan Afrilu na garin nan kubet buɗaɗɗe bai daɗewa yawan abin da ke ciki ya canza.

Wani ɗalibi: Malam, ke nan duk sinadarin da aka sa a ruwa ƙololuwarsa hagu za ta yi?

A'a, kuma na ji daɗin tambayar. Ka duba mesitil oksaid, wanda yake da ƙololuwa biyu. Rarraunar, ta n→π*, tana tashi daga wajen 329 a ruwan narkarwa irin su hekzen ta dawo 305 a ruwa. Mai ƙarfin, ta π→π*, inda haske yake ɗaga ilektiron da ke cikin ɗauri mai ninki biyu, tana tashi daga 230 ta tafi 243, wato dama, domin a nan matakin sama ne ya fi rabuwar caji, shi ruwa ya fi kwantarwa. Sinadari ɗaya, kwalba ɗaya, ƙololuwa biyu kowace ta yi nata ɓangaren. Da wannan ne ma ake tantance irin ƙololuwa: idan rarrauna ce kuma tana gudu hagu duk sanda ka ƙara ruwa ko alkohol, to ka zargi n→π*.

Akwai rinin da ya shahara da wannan hali, rinin Reichardt, wanda Dimroth da Reichardt suka gabatar a Jamus a 1963. A zaman asalinsa yana da caji a rabe, don haka ruwa yana kwantar da matakin ƙasa ƙwarai. Ƙololuwarsa tana tafiya daga 810 a cikin difenil ita har 453 a cikin ruwa. Kore ne a asiton, shunayya a etanol, ja a metanol. Da shi ake jera ruwan narkarwa bisa yadda suke riƙe caji.

Dalili na biyu shi ne asid. Anilin yana da ƙololuwa a 230 da 280, domin ilektiron biyun da ke kan naitirojin suna shiga zoben benzin suna faɗaɗa filin da ilektiron ke yawo. Faɗin fili yana rage tazara. Ka zuba asid, haidirojin ya kama waɗannan ilektiron biyu, an cire su daga zoben, sai ƙololuwar ta koma 203 da 254, kusan daidai da na benzin tsura. Ba wuri kaɗai take canzawa ba. Ƙarfin shan ya faɗi daga 1,430 zuwa wajen 160. Idan ka haɗa mola 0.0005, awonka a 280 wajen 0.7 ne, bayan asid kuma abin da za ka gani a 254 bai kai 0.1 ba. A nan ne ɗalibi yake rubuta cewa anilin ya lalace. Bai lalace ba. Ka ɗiga sodiyom haidiroksaid, ƙololuwar 280 ta dawo. Lambar da za a riƙe ita ce 4.6, pH ɗin da rabin anilin yake kama haidirojin. Kana son a ga anilin zalla, ka ɗaga pH zuwa 7 ko sama, kana son wanda ya kama haidirojin, ka sauke zuwa 2. Ruwan da aka tace aka bari a buɗe yana shan iskar kabon dayoksaid, pH ɗinsa ya sauka zuwa wajen 5.6, kuma a nan wani kaso na anilin ya riga ya juya. Shi ya sa awon da ba a sa bafa ba, wato haɗin da ke hana pH canzawa, na yau bai zo ɗaya da na gobe ba.

Masu aikin asibiti sun san para-naitirofenol, rawayan da ake aunawa a 405 a gwajin alkalin fosfates. A asid ƙololuwarsa tana komawa 317, launin ya ɓace. Idan gwaji ne da ake tsayarwa da sodiyom haidiroksaid, aka sa wanda ya tsufa ko bai isa ba, sakamako zai fito ƙasa da gaskiya. Hanyar tabbatarwa mai kyau ita ce a ɗora zanen pH daban-daban a kan juna. Idan siffa biyu ce kawai take juyawa, duk layukan za su haɗu a wuri ɗaya, wajen 348. Ko zoɓo ma wannan aikin yake yi: kanwa tana karkata shi zuwa shuɗi-shuɗi, lemun tsami ya dawo da ƙololuwar wajen 520, jan ya fito.

Dalili na uku, murɗewa, zan wuce shi da sauri. Zobe biyun bayifenil suna iya kusantar kwanciya a shimfiɗe, ƙololuwarsa wajen 250. Ka sa metil a kusa da mahaɗar, zobban su kasa shimfiɗuwa, ta koma 237, ƙarfinta ya ragu kusan rabi. Haka stilbin, mai siffar tirans 295, mai siffar sis 280. Haske yana iya juya tirans ya koma sis, don haka kada a ajiye samfur a bakin taga.

Na huɗu shi ne wanda ya fi cin ɗalibanmu. Kowace shekara akwai masu aikin bincike a kan cire rinin metilin bulu daga ruwa da gawayin ɓuntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa. Ana aunawa a 664. Amma idan rinin ya yi yawa, sama da kimanin miligiram 3 zuwa 5 a lita, ƙwayoyinsa suna fara manne wa juna fuska da fuska, biyu-biyu, kuma waɗannan tagwayen suna shan haske a wajen 610. Michael Kasha ya yi bayanin dalilin a shekarun 1960: idan suka kwanta a kan juna, matakin sama yana rabewa biyu, kuma na can saman ne kaɗai haske yake iya kai ilektiron. Sai kafaɗar da ke 610 ta yi ta girma, 664 ta kasa tashi yadda lissafi ya ce, layin gwajin, wato zanen awo bisa yawan rini, ya lanƙwashe. Wanda ya ja miƙaƙƙen layi a kan wannan, ya ƙirga yawan rinin da gawayi ya cire, lambarsa ba ta inganta ba. Maganin shi ne a sirka kowane samfur har awonsa ya dawo ƙasa da 1, a riƙa duba zanen duka daga 500 zuwa 750, ba lamba ɗaya ba. Gishiri yana ƙara mannewar, etanol da ɗumi suna rage ta. Kuma ku lura, daga 664 zuwa 610 nanomita 54 ne, amma kilojul 16 kawai, bai kai na asiton ba da ya goce nanomita 14. Kada a kwatanta gocewa da nanomita, a mayar da ita kuzari tukuna.

Mu a jihar nan ta Zamfara ba mu manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga sarrafa dutsen zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, daga baya aka ga girman abin a Bagega. Tsohuwar hanyar auna dalma a ruwa da ditizon gocewa ce zuwa hagu. Ditizon kore ne, yana shan haske a tsakanin 605 da 620, ya danganta da ruwan narkarwa. Idan ya kama dalma sai ƙololuwar ta koma 510 zuwa 520, ido ya ga ja, domin launin da ido ke gani shi ne wanda ba a sha ba. Sai dai zink da jan ƙarfe da makuri duk suna kama ditizon, don haka ana sa sitiret da sayanaid a ruwa mai alkali don a ɗaure su. Sayanaid idan ya haɗu da asid iska mai kisa yake fitarwa, ba aikin da ɗalibi zai yi shi kaɗai ba ne. Kuma jinin yaro ba da wannan ake auna shi ba, akwai na'urorin da aka yi don haka.

Yanzu na'ura. Kafin ka rubuta cewa ƙololuwa ta goce, ka kunna na'urar ta yi minti 30, idan wuta ta ɗauke aka koma janareto ka sake bilank. Ka gwada daidaiton zangonta da holmiyom oksaid, wanda ƙololuwarsa ke 241, 287, 361 da 536, ko da layukan fitilar diyutiriyom a 486.0 da 656.1. Idan na'urar ta kauce da nanomita 3, gocewar nanomita 3 ba labari ba ce. Kowane ruwan narkarwa yana da iyakar da yake fara shanye haske da kansa: ruwa da asitonaitiril 190, metanol 205, etanol 210, kulorofom 245, toluwin 285, asiton 330. Kusa da wannan iyaka hasken da ke isa ga ma'auni kaɗan ne, ɓataccen haske ya rinjaye shi, layin ya faɗo, sai ka ga ƙololuwar ƙarya. Tsohuwar fitila da ƙurar hunturu a kan madubai suna ƙara wannan. Gwajin ƙololuwar ƙarya mai sauƙi ne: ka sirka samfurin kashi biyu. Ƙololuwar gaske tsayinta zai ragu rabi ta tsaya a wurinta, ta ƙarya kuwa za ta matsa. Kubet da aka ɗauraye da asiton bai bushe ba zai ba ka tudu a wajen 270. Kulorofom na kasuwa yakan zo da ɗan etanol, kashi 0.5 zuwa 1 cikin ɗari, kuma wannan ya isa ya ja ƙololuwar n→π*.

Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Malam, idan ba mu da holmiyom fa?

Hajiya, yawancin na'urori masu fitilar diyutiriyom suna da gwajin layin 656.1 a cikin tsarinsu, a duba littafin na'urar. Idan babu, a haɗa potasiyom daikiromet miligiram 60 a lita ɗaya ta salfurik asid mai mola 0.005. Ƙololuwarsa tana 257 da 350, kwarinsa yana 235 da 313. Tudunsa masu faɗi ne, ba zai nuna kaucewar nanomita ɗaya ba, amma zai tona babbar kaucewa, kuma zai gwada miki tsayin awo, domin a 257 ya kamata ki samu kusan 0.86. A rubuta sakamakon da kwanan wata a littafin da ke kusa da na'urar, a maimaita duk wata.