Darasin Lafiya: Daga Ina Kalmar Olsa Ta Fito?

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da asuba, ya sanyin Jos? Darasinmu na yau a kan kalma ɗaya tak zai tsaya. Wata baiwar Allah daga Unguwar Rogo ta aiko tana cewa, "Malam, wai olsa da gyambon ciki abu ɗaya ne?" Hajiya, kusan haka ne, amma bari mu bi sawun kalmar.

Olsa dai aronta muka yi daga Turanci. Su ma mutanen Ingila aro suka yi daga Faransanci wajen shekarar 1400, tushenta kuwa Latin ne, ulkus, wato buɗaɗɗen miki. Girkawa suna da 'yar uwarta, helkos. To ku lura da kyau, babu zancen ciki a ma'anar ko kaɗan. Likitan da can in ya ce ulkus, mikin da ido ke gani yake nufi, na ƙafa ko na baki. Abin da Bahaushe ya sani da gyambo ke nan, ciwon ƙwauri da ya ƙi warkewa, yana ruwa, ƙuda na bi. Har gobe a asibiti, mikin ƙafar mai ciwon suga olsa ake rubuta masa a kati. Ni a ganina wanda ya fara cewa gyambon ciki ya iya fassara, domin miki ne na gaske a bangon tumbi ko farkon hanji.

Wajen 1830 wani likitan Faransa, Jean Cruveilhier, ya bayyana wannan miki dalla-dalla, ya bambanta shi da ciwon daji. Daga nan aka shafe shekaru ana ɗora wa damuwa da yaji laifi. A 1915 wani likita a Shikago, Bertram Sippy, ya ma kafa tsarin ba majiyyaci madara duk bayan awa guda. Kun ji inda shan madararmu ya samo goyon baya! Tana kwantar da zogi na ɗan lokaci, sannan ruwan tsamin ciki ya dawo da ƙarfinsa.

Sai a 1982 a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall suka gano ƙwayar cuta mai murɗaɗɗen jiki, Helicobacter pylori, suka ce ita ke haddasa olsa. Da aka ƙi yarda da su, a 1984 Marshall ya ɗaga kofi ya shanye ƙwayoyin, ciki ya ɗauka, ya yi ta amai. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Ɗaya babban sanadin kuma yana cikin aljihunmu: ibuprofen da diclofenac da asfirin da ake saye a kemis a kasuwar Terminus ana haɗiya kamar gyaɗa.

Shi ya sa nake murmushi in mutum ya makara bai karya ba, ya dafe ciki ya ce olsarsa ta tashi. Yallaɓai, wa ya ga mikin? Ana gwajin bayan gida ko na numfashi, ko a zura kyamara ta maƙogwaro. In ƙwayar ce, maganin kamar mako biyu ne. Wanda ya ga baƙin bayan gida kamar kwalta ko aman jini kuwa, asibiti yau ɗin nan, kada ya jira gobe.

Ga kira ya shigo. Salamu alaikum, da wa muke tare?